Amosanin gwiwa: a biya kuɗin sikanin tsokar cinya ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata shekararta 63, amosanin gwiwa ya hana ta sakat, da ƙyar take tashi daga zaune. Hoton ƙashi ya nuna guringuntsi ya zaizaye. Yanzu kuma an ce in muna so a yi mata sikanin cinya a duba tsoka. Gwiwa ke ciwo, me ya kawo cinya? Abin da ke hannuna ba zai isa sikanin da zuwa wurin likitan fisiyo (mai magani ta hanyar atisaye) duka ba. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Cinya ba bare ba ce a wannan ciwo. A gabanta akwai tsokoki huɗu da suka haɗu a kan ƙoƙon gwiwa, su ke miƙe ƙafa, su ke tare nauyin jiki idan mutum zai zauna ko zai sauko daga matakala. Da ciwo ya kama gwiwa sai a rage tafiya, tsokokin su yi sanyi, gwiwar ta rasa mai tallafarta.

Na'urar sikanin dai ita ce wadda ake duba masu juna biyu da ita. Abu biyu ake aunawa: kaurin tsoka da haskenta. Lafiyayyar tsoka duhu-duhu take fitowa a allo, wadda kitse ya ratsa kuwa sai ta yi fari-fari. Kwamfuta kan ba hasken lamba daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Nan ne abin ya burge ni: cinya na iya cika fam, ido ya ce ƙarfi ne, alhali kitse ne ya maye gurbin tsoka.

Sai dai awon yana da gardama. In mai dubawa ya ɗan danna hannu ko ya karkata kan na'urar, lambar ta canza. Kitsen ƙarƙashin fata ma yana rage hasken, kuma sakamakon wannan na'ura ba lallai ya yi daidai da na waccan ba.

Ko me hoton ya nuna, maganin Mama ɗaya ne: atisayen ƙarfafa cinya, da rage ƙiba idan akwai. Su ne hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin magani a Birtaniya, ta sa a gaba a ƙa'idojinta na 2022. Don haka ki kai kuɗin wurin likitan fisiyo. In kina son ma'auni, ki zaunar da ita a kujera mai ƙwari jingine da bango, kina kusa da ita, ki ƙirga sau nawa za ta tashi ta zauna cikin daƙiƙa 30 ba tare da dafawa ba. Ki rubuta, bayan wata uku ki sake.

Amma idan ta faɗi har ta kasa miƙe ƙafar, ko bayan gwiwa ya kumbura, to nan ki yi saurin biyan sikanin.

Tambaya: Na ga ƙaramar na'urar sikanin da ake haɗawa da waya. In saya don duba mahaifina a gida?

Amsa: Kada ka saya, Malam. Hoton zai fito, amma rarrabe tsoka da kitse da jijiya sai wanda ya koya. Ka saya wa Baba robar atisaye, likitan fisiyo ya nuna masa yadda zai ja ta sau biyu ko uku a mako.