Jan jirgin da awakina ke shan ruwa a ciki

Kashe injin nan ka ajiye jarkar, tunda ka tono maganar. Ka ce yayanka da ke aiki a Yamai zai sayi kayak, ƙaramin jirgin ruwan nan na roba mai ɗaukar mutum ɗaya, na farko a rayuwarsa, yana so ya riƙa bin kogin Isa inda ruwa ke gudu kan duwatsu, in ya zo hutu Damagaram kuma ku ɗora shi a kan mota ku kai tafkin Gidimuni. Wai wanne zai saya. Na san inda ya gano abin, a waya ne. Ku yaran yanzu in kun ga Bature ya faɗo daga kan dutse cikin jirgin roba a YouTube, shi ke nan kun zama Sarkawa.

To ka gaya masa buƙata biyu ya haɗa, kuma kishiyoyi ne. Jirgin ruwa mai gudu gajere ne, mita biyu da rabi ko ya ɗan ɗara, goshinsa da gindinsa a ɗage kamar ayaba, don ya hau kan igiyar ruwa ya kuma juya nan take kafin ka ci karo da dutse. Na ruwan kwance dogo ne siriri, mita 4 zuwa 5, yana tafiya sak kamar an ja zare. Ka sa gajeren a Gidimuni, duk bugun filafili ɗaya sai goshinsa ya kaɗa dama, na biyu ya kaɗa hagu, kamar jaki ya ga rami, kafin ka kai tsakiyar tafki kafaɗarka ta mutu. Ka sa dogon cikin duwatsu, zai gicciye tsakanin biyu, ruwa ya naɗe shi kamar tabarma. Akwai na tsakiya, wajen mita 3, mai wata ƴar wuƙar roba a gindi da ake saukarwa a ruwan kwance a ɗage ta in an zo duwatsu, irin su Dagger Katana da Pyranha Fusion. Wannan ne nasa. Ba gwani ba ne a ko'ina, amma shi ma yayan naka ba gwani ba ne. Turawa sun raba haukar ruwa mataki 6, kuma wanda bai taɓa kifewa ba, ba shi da abin nema sama da na biyu. Kada ya yarda a sayar masa da ɗan guntun nan da bai kai mita 2 ba, na masu wasan alkafura ne. Kamfani yana rubuta nauyin mutumin da jirgi zai ɗauka, ya hau sikeli ya duba. Rigar hana nitsewa da hular kwano kuwa, in sai na faɗa masa, to ya zauna gida.

Amma duk wannan ba shi ne zai cinye masa kuɗi ba. Sabo ba zai samu ba, na hannu zai saya, kuma nan ne aka yi mini yankan da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Lokacin ina Yamai, rumfata ba nisa da gadar Kennedy, ina waldar tankunan ruwa da bambar mota, Turawa masu yawo a kogi suna kawo mini jiragensu in sun fashe. Babu mai hannuna a duk layin, ka tambayi wanda ka ga dama. Akwai wani dillali mai sayen kayan Turawan da aikinsu ya ƙare za su koma gida, firji, kujeru, keke, komai. Muna sallah masallaci ɗaya da shi. Wata ranar Alhamis da la'asar ya zo da jan kayak a kan amalanke, yana sheƙi kamar an fito da shi daga kwali. Ya ce na wani likita ne ɗan Amurka, sau uku kacal ya shiga ruwa, jirgin sama na jiransa gobe shi ya sa zai karyar. Jikka 180 na sefa. Kuɗin nan na kwanon rufin ɗakin tsohuwata ne a unguwar Birni nan Damagaram, wata goma sha ɗaya ina tarawa. Na yi lissafi a zuci: in ba da haya ga samari a bakin kogi, kafin damina na mayar da kuɗin har da riba.

Na shafa bayansa, santsi. Na ga hannuna ya yi maiƙo, na tambaya, ya ce mai gadin likitan ne ya goge shi. Ni da nake cin abinci da roba, ban ce a kawo omo a wanke ba. Ban kifa shi na dubi cikinsa a rana ba. Ban kwance kujerar ba, ƙusa huɗu kawai, aikin minti biyar. A ƙasan, daidai inda mutum ke zama, akwai wata babbar sitika mai hoton kifi, na ce ado ne. Ina jin kunyar in binciki kayan mutumin da muke sahu ɗaya.

Watan Mayu ne, ruwa ya janye, duwatsu sun fito. Muka hau sama wajen Ayoru da wani abokina Bazabarme, lokacin hanyar Tilaberi tana biyuwa ba fargaba, ba kamar yanzu ba. Shi ya shiga, don ya fi ni sanin ruwa, ni ina tsaye a gaɓa ina hangen dorina can nesa. Bai yi tafiyar kirki ba ƙasan jirgin ya goga dutse, gogar da jirgi mai lafiya ke yi sau ɗari a yini. Na ji ƙara ƙas, kamar an taka ƙwarya. Jirgin ya buɗe daga ƙarƙashin kujera har kusan goshi. Allah ya sa ruwan iya ƙirji ne, ya fito yana zagina da Zabarmanci.

Da na wanke shi a rumfa sai gaskiya ta fito. Janjanin nan duk man goge taya ne. A ƙarƙashi robar ta koɗe ta yi fari-fari, in ka karta da farce sai ta yi gari kamar alli. Shekaru ya yi a kan rufin gida yana shan ranar Yamai, kuma rana tana cin roba kamar yadda gara ke cin azara, ka ga yadda bokiti ke yi in an bar shi a tsakar gida. Ƙasan ya lotsa ciki. Bayan sitikar kuwa tsohuwar tsaga ce tsawon taƙi, an cike ta da gam ɗin fayiba, wanda ko kai ka san ba ya kama irin wannan roba.

Na ce ba komai, ai sana'ata ce. Na hura wuta na kawo sandar roba, na kafa. Robar ta ƙi narkewa. Sai ta kumbura ta yi baƙi tana wari, sandar tana zamewa a kai kamar ruwa a bayan agwagwa. Kwana uku ina fama. Ashe roba iri biyu ce ake zuba jiragen nan da ita: akwai mai narkewa ta haɗe irin ta tankunanmu, akwai wadda aka ɗaure ƙwayoyinta tun a masana'anta, wasu tsofaffin jirage da ita aka yi su, ita wuta ba ta mayar da ita ruwa. Kuma wani Baturen da ya zo karɓar nasa jirgin ne ya nuna mini lambar da ke tsage a gefen gindi, ya ce a jiragen Amurka lambobi biyun ƙarshe shekarar ƙira ce. Na duba. Jirgin da aka ce sau uku ya shiga ruwa ya girmi ɗana na fari.

Na je wa dillalin. Ya ce, "Malam, ai kai ne masanin roba, ni me na sani? Ka gani da idonka ka saya." A gaban mutane. Ya kuma ƙara da cewa in bar wa Allah. Damina ta sauka a kan tsohuwata ɗakinta na yoyo, tana jera kwanoni a ƙasa, ba ta taɓa tambayata ina kuɗin ba, wannan ya fi zagi ciwo.

Saboda haka ka ce wa yayanka ya tafi da omo da soso da sukuddireba. Ya wanke, ya kwance kujera, ya ɓare duk wata sitika, ya danna gefen da gwiwa ya ga ko robar za ta dawo, ya karanta lambar. In mai kayan ya ce yana sauri, ya bar masa abinsa. In ya ga tsohuwar walda kuma, ya ɗauki hoto ya turo, tunda abin da kuka iya ke nan, ni zan gaya masa ko hannun kirki ne ya yi ta.

Rabin jirgin yana gidana, kai ma ka sha zuba wa awaki ruwa a ciki ba ka taɓa tambaya ba. A kan motar kaya na taho da shi, kilomita kusan 900, har kuɗin ɗauko na biya. Tashi ka kunna injin, mai jarkar nan zai dawo kafin magariba.