Amsa ga ƙaninmu mai shirin tafiya karatu Biyersheba

Ƙanina, ka tambaya yadda za ka yi da abinci da sallah idan ka isa Isra'ila karatun noman rani. Wallahi kamar ni na rubuta. Shekara biyu na yi a garin nan.

Abinci ba zai ba ka wahala ba, Juma'a ce za ta ba ka. Makonsu daga Lahadi yake farawa, ran Juma'a kuwa tun kafin rana ta faɗi shaguna sun rufe, bas da jirgin ƙasa sun tsaya cak sai daren Asabar, saboda Shabat, ranar hutun Yahudawa. Ni ba wanda ya gaya min. Juma'ata ta biyu na tafi Ƙudus, ɗan sanda a ƙofar Masallacin Aƙsa ya sa na karanta Fatiha kafin ya bar ni na shiga. Bayan sallah na zauna da dattawan unguwar 'yan Afirka ta Babul Majlis, waɗanda kakanninsu suka zo daga Chadi da Sudan da Najeriya, hira ta yi daɗi, na shagala. Ko da na isa tasha, an rufe.

Wani mai tasi ya ga idona ya raina fata. Na ce ya kunna mita, ya ce ta lalace. Muka yi ciniki shekel 500. Mun yi nisa cikin duhu sai ya taka birki, wai kuɗin Shabat daban ne, ko in ƙara 200 ko in sauka. Ina zan sauka? Na ƙirga masa hannuna na rawa, kuɗin cefanena na mako biyu ke nan, yana karɓa yana cewa "sababa", wato lafiya lau. Ya ma miƙo min 'ya'yan sunfulawar da yake ɓarewa! Har yau in na tuna fuskarsa sai raina ya ɓaci. Allah ya isa.

To, ka yi cefanenka ran Alhamis, katin Rav-Kav na bas kada ya rabu da kuɗi. Nama ka je Rahat, garin Larabawan Badawi ne kusa da ku, akwai yankan Musulmi da masallatai. Tsohon masallacin Biyersheba gidan tarihi ne yanzu, kada ka wahalar da kanka. In ka haɗa kicin da Bayahude mai riƙon addini, tukunyar nama daban, ta madara daban, tambayi kafin ka taɓa. Ranar da ka shiga ɗaki ka nemi inda mafakar ɓuya daga harin roka take, don in jiniya ta kaɗa ba lokacin tambaya.

Maganarsu gatse-gatse ce, ɗalibi na kiran farfesa da sunansa tsirara, ba rusunawa. Da farko na ɗauka raini ne, ashe da kowa haka suke.

Kuka da yaji ka cika jaka, ni sai da na roƙi masu zuwa ziyara suka kawo min.