Amsa ga Yaya kan yaron da muka yi wa karo-karo

Yaya, bayan gaisuwa, da fatan su Hajiya da yara duk suna lafiya. Saƙon muryarka sau uku na saurare shi, kuma na ji zafin da ke ciki. Ka ce labari ya iso Kano wai mu Hausawan da ke zaune a gefen Houston mun haɗa kuɗi mun ɗaukar wa wani yaro lauya bayan an kama shi yana tuƙi a buge, har kana tambaya ko zaman Amurka ne ya kai mu ga ɗaure wa mashaya gindi. Labarin gaskiya ne, da kuɗina a ciki. Sunan yaron ba za ka ji shi a bakina ba. Na zaɓi in rubuta ne saboda a waya ba ka bari in kai aya.

Inda muke sunansa gundumar Fort Bend, a jihar Texas, hedikwatarta Richmond. A ƙidayar 2000 mutum 354,452 ne a cikinta, a 2010 suka kai 585,375, a 2020 kuwa 822,779. Lokacin da na zo, in ka nufi Fulshear gonaki da shanu za ka yi ta gani. Yau gidaje ne iya ganinka. Mutane sun ƙaru, amma motar haya ba ta taka kara ta karya ba. Babu adaidaita, babu ɗan acaɓa a bakin layi. Masallaci, wurin aiki, makarantar yara, kantin da ake sayar da naman halal, kowanne sai da mota. Wanda aka karɓe wa lasisi a nan, ƙafafunsa aka yanke. Ka riƙe wannan, don a kansa maganar take tsaye.

A Kano giyar ita kanta ce laifin, Hisbah ta kama ta, a bi ta kan kwalaben da buldoza. A nan wanda ya cika shekara 21 ya sha abinsa ba ruwan hukuma. Idonta yana kan sitiyari. Kuma suna da dalili: tun daga 7 ga Nuwamban 2000 aka shafe sama da shekara ashirin rana ba ta faɗi a Texas ba tare da wani ya mutu a kan titi ba. Ba sa kafa shinge irin namu na gida. Ɗan sanda bin ka yake yi a baya, ya ga motar tana tangaɗi ko ka karya kwana ba sigina, sai ya kunna fitila. Ya sa ka bi bironsa da ido, ka yi taku tara a kan layi, ka tsaya da ƙafa ɗaya. Ma'aunin barasa a jini 0.08 ne, direban tirela 0.04, wanda bai kai 21 ba kuwa ko ɗigo aka samu ya shiga uku. In ka ƙi hura na'urar auna barasa, wannan ƙin kaɗai yana jawo dakatar da lasisi kwana 180, kuma ba ka tsira ba, don alƙali yana iya sa hannu a takarda cikin daren a ɗebi jininka. Maganar na goro kada ma ta zo. Kyamara tana ƙirjin ɗan sandan, kuma miƙa masa kuɗi laifi ne da ya ninka wanda aka tsayar da kai dominsa.

Yanzu ga abin da ya canza mu. Shekarun baya an kama wani bawan Allah a cikinmu, magidanci, ɗan sahun farko. Wallahi Yaya bai taɓa kai giya bakinsa ba. Maganin barci likita ya rubuta masa, ya sha bayan aikin dare, ya ɗauki mota da safe bai gama sakinsa ba. Dokar nan ba ta tsaya a barasa ba. Duk abin da ya shiga jikinka ya rage maka hankali ko ƙarfin gaɓɓai, ƙwaya ce, maganin tari ne, ko da takardar likita a aljihunka, tuhumar ɗaya ce, DWI suke kiranta. Mutumin nan kunya ta kama shi. Ya yi belin kansa, ya dawo gida ya ja bakinsa ya yi shiru, ko matarsa bai gaya wa ba. Abin da bai gane ba, takardar da aka miƙa masa a ofishin 'yan sanda agogo ce. Kwana 15 kacal gare shi ya nemi a saurare shi kan batun lasisi, kuma wannan daban yake da shari'ar kotu. Bai nema ba, a rana ta 40 dakatarwar ta hau kansa. Ya ci gaba da tuƙi a ɓoye saboda bakin yara, aka sake tsayar da shi, laifi ya zama biyu, aikin ya tafi. Ranar da muka ji, ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Da ya buɗe baki a makon farko, lauya zai iya nema masa lasisin zuwa aiki wanda kotu ke bayarwa.

Rufin asiri irin wanda aka raine mu da shi, a yi shiru har ƙura ta lafa, a tura dattijo ya je ya ga wane, a kashe maganar a zaure, shi ne ya kayar da shi. A nan babu zauren da ake kashe wannan magana. Mai ƙara gwamnatin jiha ce, ba maƙwabcin da za a ba haƙuri ba. Tun daga lokacin muka yi wa kanmu ƙa'ida: duk wanda aka kama, a kan ko mene ne, ya kira ɗaya daga cikin dattawa uku kafin gari ya waye. Ba a kai maganar WhatsApp, ba a sanar da ita bayan Juma'a. Masu ba da gudummawa da yawa ba su san ko wane ne ba.

Shi wannan yaron na bana giya ya sha, ban ɓoye maka ba. Kamun farko a dokar Texas yana ɗauke da ɗaurin kwana 3 zuwa 180, tara har dala 2,000, ga wata tarar jiha ta dala 3,000 da ake ɗorawa a kai, lasisi kuma yana iya tafiya har shekara guda. In ma'aunin ya kai 0.15, ɗaurin yana iya kaiwa shekara, tarar kotu dala 4,000, ta jiha 6,000. Karo na uku babban laifi ne, shekara 2 zuwa 10, kuma ba a cewa ai na farkon ya daɗe, ko shekara talatin ya yi ana lissafa shi. In akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 15 a motar, tun a karon farko babban laifi ne. Kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabi. Kamfanin motar haya na Uber ba za su ɗauke shi ba sai bayan shekara bakwai. Mai lasisin tirela, kuma 'yan'uwanmu da dama da shi suke ci, shekara guda zai yi a zaune ko da a ƙaramar motarsa aka kama shi.

Amma abin da ya fi hana mu barci takardun zama ne. Ɗalibi mai biza, kamun kaɗai kafin a je gaban alƙali yana iya sa a soke bizarsa. Mai neman zama ɗan ƙasa dole ya bayyana duk kamun da aka taɓa yi masa, kuma tun 2019 hukunci biyu na irin wannan ana ɗaukarsu shaidar rashin halin kirki sai in ya kawo hujja mai ƙarfi. Akwai ma wani tarko: kotun jiha tana iya yi wa mai laifin farko sassauci, ya amsa laifi, ya cika sharuɗɗa, a rufe fayil ba a rubuta an same shi da laifi ba, amma hukumar shige da fice ta tarayya ta ƙirga wannan amsawar a matsayin hukunci. Yaro ɗan shekara 22 ina zai san wannan? Shi ya sa kuɗin ya tafi wajen lauya, kuma muka tabbatar ya tuntuɓi masanin dokar baƙi kafin yaron ya sa hannu a komai.

Kuɗin bashi ne, a rubuce, zai biya wata-wata. Sharaɗin farko shi da bakinsa ya kira mahaifinsa ya faɗa masa, kuma ya kira, ina zaune. Liman ya keɓe da shi ya yi masa faɗan da ko kai ba za ka yi ba. Wata uku muna karɓa-karɓa wajen kai shi aiki da ɗauko shi, ni ranar Talata da Alhamis. Yanzu an maƙala wa motarsa na'urar da sai ya hura kafin ta tashi, kuma shi ke biyan kuɗin hayarta. In ya zo masallaci can ƙarshen fili yake fakin don kada yara su gan shi yana hurawa. Ni na san dalili, ban taɓa nuna masa na lura ba.

Ba kowa ne ya yarda da mu ba. Wani dattijo ɗan Maraɗi ya ce sisinsa ba zai shiga ba, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ban ga laifinsa ba, hasali ma ya yi mana tambayar da ta sa kowa ya sunkuyar da kai: da ya kashe wani fa? Da shekara 2 zuwa 20 ke jiransa. Kuma tun Satumban 2023 Texas ta yi dokar da ke tilasta wa wanda ya kashe uba ko uwa cikin maye ya riƙa biyan kuɗin rainon marayun har su kai 18 ko su gama sakandare. Da na fara jin ta, diyya ce ta faɗo mini a rai. Da abin ya kai haka, ina jin gidan mamacin za mu fara nufa da karo-karon. Allah ya tsare, turken fitila kawai ya daka.

Na san abin da ya sa maganar ta tsaya maka a wuya, ɗanka ne da zai zo karatu a watan Agusta. Ka ce masa duk maganin da zai taho da shi ya bar shi a kwalinsa tare da takardar likita, kuma in an rubuta yana sa barci, ranar ba ya taɓa mota. Lambata ya haddace ta, kada ya dogara da wadda ke cikin waya, don wayar ake fara karɓa. Hajiya kuma kada ta sako masa kilishi, a filin jirgi za a ƙwace. Kuka da yaji dai a cika masa jaka, namu sun ƙare tun azumi.