Garin zaƙi mai gyara hanji: amsoshin wasiƙunku

Wata uwa daga Domayo, Marwa: Maigidana yana da ciwon sukari. Na sayi wani farin gari a leda sefa dubu huɗu, mai sayarwa ta ce inulin ne, zaƙinsa kamar sukari kuma yana gyara hanji. Wata guda ke nan awonsa bai sauka ba. Hankalina ya tashi.

Sannu Hajiya, Allah Ya ba maigida lafiya. Ki kwantar da hankalinki, neman sauƙi kika yi. Amma ledar nan ki ajiye ta tun yau. Inulin na gaskiya daga saiwar shikore ake ciro shi, wadda ake haɗawa da kofi a gwangwanin Ricoré, kuma zaƙinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na sukari ba. Ɗan'uwansa oligofructose ya ɗan fi shi, daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. To garin da cokali ɗaya nasa zai zaƙaƙa kofin shayi, wallahi akwai wani abu a ciki.

Wannan ha'incin yana ci mini rai, domin marasa lafiya ake cuta. Abin da aka fi cika leda da shi maltodextrine ne, farin gari mai arha da ake yi da sitaci. Ba shi da zaƙi sosai a baki, amma yana hawar da sukarin jini da sauri, har ya fi sukarin ƙwara. Sai a barbaɗa masa ɗan sucralose ko stevia, sinadarai masu tsananin zaƙi, a liƙa hoton ganye. Mai ciwo ya saki jiki yana zuba cokali uku alhali da ƙwara ɗaya yake sakawa. Leda marar suna, marar adireshin kamfani, marar ranar lalacewa, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Mai takarda kuma ki juya bayanta. Jerin kayan haɗi yana farawa da abin da ya fi yawa: in kin ga maltodextrine, dextrose ko sirop de glucose a gaba, ki mayar. A teburin gram 100, layin fibres ya kai 85 zuwa 90, layin dont sucres, wato yawan sukarin da ke ciki, kada ya wuce 10. Mai rubutun IMO, wani garin zaƙi da ake yi da sitaci, shi ma a yi hattara, wani ɓangarensa yana narkewa ya zama gulukos. Shaidar da ba ta ƙarya ita ce na'urar awo: a auna kafin shan shayi, a sake aunawa bayan awa 2, a kai wa likita sakamakon. Kuma kada maigida ya rage maganinsa saboda kowane gari.

Wani matashi daga Garwa: Na sayi na gaskiya a famasi, na sha cokali uku rana ɗaya, cikina ya kumbura kamar ganga. Jabu ne?

Ba jabu ba ne, ɗana, gaggawa ka yi. Ƙaramin hanji ba ya narkar da inulin, sai ya isa babban hanji ƙwayoyin bakteriya masu amfani su ci. Amfaninsa ke nan, kuma daga nan iskar take fitowa. Ka fara da gram 2 zuwa 3 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya ba tozo, cikin abinci. Bayan mako ka ƙara kaɗan, ka raba safe da yamma, ka sha ruwa sosai. Hukumar kula da abinci ta Turai ta amince gram 12 a rana yana taimaka wa mai taurin bayan gida, sai dai mutane da yawa tun daga gram 10 suke fara tusa da murɗa. Wanda albasa da tafarnuwa ke kumbura masa ciki ya haƙura da shi, sinadarinsu dangi ɗaya ne. Ka rufe gwangwanin da kyau, da damina yana jan danshi ya dunƙule.

Mai sayar da folere a Ngaundere: Zan iya dafa shi cikin zoɓo in daina sayen sukari?

A'a, 'yata. Tsami da zafi suna farfasa inulin ya koma fructose, wato sukari, kin yi asara biyu. Kuma sai kin zuba ninki goma kafin zaƙin ya kamo, masu sayenki su kwana a bayan gida. Ki rage sukarin sannu a hankali, ki ƙara citta da kanumfari.

Wani ya tambaya ko zumar Adamawa da dabinon Faya ba sa hawar da sukari tunda daga Allah suke. Rake ma daga Allah yake, Malam. Suna hawarwa.

Wani dattijo daga Njamena: Kuɗina ba su kai na famasi ba. Me zan yi wa hanjina?

Baba, ba ka rasa komai ba. Albasa da tafarnuwa suna ɗauke da irin wannan sinadari. Ga wake, ga garin kuka, ga kuɓewa, ga tuwon masakwa ko gero da ba a surfe dusar duka ba. Ƙaron da Chadi ke fitarwa ƙasashen waje shi ma abincin waɗannan bakteriya ne, kuma bai cika kumbura ciki ba, illa dai ba shi da zaƙi. A samu mai tsabta, a jiƙa ɗan kaɗan a tace a zuba a kunu. Inda zan matsa maka shi ne shayi. Ƙwarar sukari ɗaya kusan gram 5 ce, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babba kada ya wuce wajen gram 50 a rana, in ya tsaya a 25 ya fi. Kofi uku masu ƙwara hurhuɗu sun riga sun kai 60. Ka cire ƙwara ɗaya daga kowane kofi, ka yi mako biyu a haka, sannan ka cire ta biyu.