Amsa kan ba mambobi aron kayan maɗaba'ar ƙungiya

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ƙungiyarku ta haɗa kuɗi ta buɗe ƴar maɗaba'a, masu aikin duk ƴan sa-kai ne, yanzu kuma mambobi sun fara cewa a ba su aron kaya su kai gida. Kana tambaya ko ku yarda. Mun daɗe da irin wannan shagon a tamu ƙungiyar, bari in faɗi abin da na gani.

Ku yarda, amma na'urar za ku duba, ba fuskar mai aro ba. Da zarar aka ce wane mutumin kirki ne a ba shi, wane kuma a dakata, to an shuka gaba a cikin ƙungiya. Idan kuwa an rubuta cewa wannan injin ba ya fita ko shugaba ne ya zo, ba wanda zai ji an raina shi.

Firinta mai tankin tawada, irin Epson ɗin nan, kada ta taka ƙofa. An ɗora ta a A Daidaita Sahu ta karkace, tawada ta malale a ciki, iska ta shiga bututu, sai ta dawo tana fitar da hoto da layi-layi. Ga ƙurar hunturu. Haka injin yankan takarda: fil ɗin sitefula guda ɗaya da aka manta a cikin takardu ya isa ya yi wa wuƙar giɓi, daga nan duk katin bikin da kuka yanka sai ya fito da zane a gefe. Balle a gida akwai yara, wuƙar nan kuwa ba ta san yatsa ba.

Wanda ya fi jawo mana surutu shi ne injin gasa hoto a jikin riga. Kowa shi yake so, musamman gab da Sallah, lokacin saukar karatu da lokacin kamfen. Mai faɗin santimita 38 yakan ja wuta wajen wat 1,400 zuwa sama, zafinsa kan kai digiri 200 a wasu ayyukan. Ƙaramin janaretan nan na gida bai ma kai wat 1,000 ba. Wani ya taɓa dawo mana da shi kan filogin ya narke ya manne da soket, yana rantsuwa shi bai yi komai ba. Gaskiyarsa ne, wayar wutar ɗakinsa ce siririya. Tun daga nan mai son sa yake zuwa shago a ba shi lokaci.

Abin da muke bayarwa: sitefula mai dogon hannu, injin huda takarda na ɗaurin littafi, injin laminatin, da allon buga riga tare da robar jan tawada. Allon nan ma da sharaɗi. Tawadar da ake wankewa da ruwa in ta bushe a ragar allon ta toshe ta, wani lokaci sai an sake ɗaura wata. Saboda haka a gaban mai aro ake ɗaga allon a hasken rana, ran fita da ran dawowa.

Sata ba ita ce matsalar ba, a ganina. Jinkiri ne, da kunya. Matashi ɗan sa-kai ba zai iya kiran sa'an babansa ya ce Alhaji a dawo da kaya ba. Don haka littafin aro ya zauna hannun mutum ɗaya mai ɗan shekaru, a rubuta ranar dawowa, a karɓi kuɗin ajiya, kuma a haramta wa mai aro ya ara wa wani. Aro kan aro shi ke ɓatar da kaya, don sai ka bi sawu gida uku.

In wani ya ce ai aro amana ce, ba a biya, ku tuna masa a fiƙihun Malikiyya abin da ake iya ɓoyewa, kamar waɗannan ƙananan kayan, mai aro ne ke lamunce shi sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Ku karanta wannan a taro kafin aro na farko ya fita, kowa ya sa hannu.