Hutun sati biyar, ganawa a Yawunde, gudun asuba da kundin shekara ta bakwai

Ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya, aikin dare a asibiti ne ya hana ni amsawa. Ka ce ka gama shekara ta shida a karatun likita a Garwa da ke arewacin Kamaru, kana da hutun sati biyar, an kira ka ganawa a Yawunde kan gurbin koyon bincike, kana so ka koma gudun da ka bari, ga kundin binciken shekara ta bakwai ko take ba ka tsayar masa ba. Da wanne za ka fara?

Da kundin. Rubutun ba shi ne mai cin rai ba, jiran sa hannu ne. Sai malaminka ya amince da take, ka rubuta tsarin binciken, ka kai wa kwamitin da ke tantance bincike a kan mutane, sannan ka nemi izinin hukumar lafiya ta yanki da na shugaban asibitin da za ka yi aiki. Kowanne da ranar zamansa, kuma ba don kai za a matso da ita ba. Ni na ce bari in huta tukuna, na wayi gari abokan karatuna suna tattara bayanai ina yawo da takarda daga ofis zuwa ofis.

Idan zazzaɓin cizon sauro ne a ranka, akwai abin dubawa a nan gida. Tun 2016 ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina a yankin Arewa da Arewa Mai Nisa, kuma a Janairun 2024 Kamaru ta sa allurar rigakafin cutar cikin jerin alluran yara. Ga tsargiya a ƙauyukan da ke kewaye da dam ɗin Lagdo. Amma ka tuna ciwon damina da damina ake kama shi. In takardunka suka fito bayan ruwa ya ɗauke, sai dai ka koma kan tsofaffin rajistoci. To a nan na sha wuya. Na tsara bincike kan yaran da aka kwantar cikin shekara uku a wani asibiti, ban je na ga rajistar da idona ba. Ranar da ma'ajin takardun asibitin ya buɗe mini kwaba, littafi ɗaya ruwa ya jiƙa shi shafukan sun manne kamar waina, wani kuma gurbin nauyin yaro fayau yake daga farko har ƙarshe. Dole na canja take. Don haka a satin farko ka je da ƙafarka, ka gaida ma'aji da ladabi, ka buɗe littattafan kafin ka rubuta layi ɗaya. Kuma ka ƙanƙanta taken: ɗaki ɗaya, tambaya ɗaya.

Wannan shirin shi ne guzurinka na ganawar ma. Ni a tawa ganawar, abin da masu tambayar suka fi tsayawa a kai shi ne me nake so in gano, kuma ta yaya. Wanda ya zo da shafi biyu a hannu ya fi mai cewa yana sha'awar bincike kawai. Ka gwada bayanin da Faransanci da Turanci, don ana iya juya harshe a tsakiyar zance.

Tafiyar kuwa kada ka raina ta. Garwa zuwa Ngaundere ya haura kilomita 250 a mota, ga hawan dutsen nan kafin a shiga gari, sannan jirgin ƙasa na dare, sama da kilomita 600 zuwa Yawunde. Ni ganganci na yi, na sauka da safiyar ranar, ido jajur, riga duk ta yamutse, na wanke fuska a tasha. Ka isa da kwana biyu a hannu. Takardu a leda cikin jakar da ba ta rabuwa da kai, da rigar sanyi, don ɗan Garwa ba ya jure daren Ngaundere.

Gudu ba ya buƙatar dogon tsari. Bayan sallar asuba, minti ashirin, kwana uku a sati, wajen filin wasa na Roumdé Adjia za ka tarar da abokan yi. Takalmin gwanjo mai taushin ƙasa ya isa. Yanzu ne lokacin kafa ɗabi'ar, don in Maris da Afrilu suka zo zafi ya wuce 40, wanda bai saba ba ba zai fara ba. Tuddan Yawunde kuma ka bar su sai an gama ganawa.

Sai abin da ba ka lissafa ba: gida. Da an ji "likita ya dawo" gwaggo za ta zo da ledar magungunanta, maƙwabci da hoton ƙirjinsa. Ka ba su yammacinka, ka zauna da Inna ka ci tuwonta. Safiya kuwa ka ɗauki kwamfutarka ka bar gidan, ko zauren wani aboki ne. In ka tsayar da take ka turo mini in duba kafin ka kai wa malam.