Ƙanwata, kada ki yi shiru kan masu raɓewa a ɗakinku

Da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, don abin da kika faɗa shi ne ya same ni. Kin ce ku 4 aka rubuta a ɗakin hostel, amma ɗayarku ta kawo ƙawaye 2 suna kwana, kina tambaya ki kai ƙara ne ko ki haƙura kada a ce kin cika tsegumi. Ni haƙurin na yi, kuma har yau ina da-na-sani.

Ina aji 2 wadda gadonta ke saman nawa ta zo da wata, ta ce kwana 3 kawai za ta yi kafin sunanta ya fito a rabon gado. Kwana 3 ya zama zango guda. Ban tanka ba, don na san zafin rashin gado. Baƙuwar nan tana da hita ta dafa ruwa, kuma a siririyar wayar wutar da muke caji take jona ta. Hita tana jan wuta sosai, irin wannan wayar ba ta ɗauka, zafi take yi har ta narke. Sau 2 ina yi mata magana. Ranar da muke ɗakin jarrabawa ta jona ta fita, ruwan ya ƙone, bokitin roba ya narke, wuta ta kama labule ta sauko kan katifata. Na dawo na tarar da mutane cike a ƙofa, littattafaina na zangon gaba ɗaya sun zama toka da ruwa, ga sauran jarrabawa 4 a gabana.

Ba gobarar ce ta fi ci mini rai ba. Da aka kira mu, waɗanda sunansu ke cikin rajista kaɗai aka nema. Baƙuwar ta kwashe kayanta a daren. Ita kuwa wadda ta kawo ta, yarinyar da na yi jinya sati guda tana zazzaɓi, ta dubi idona ta ce ba ta san da wata baƙuwa ba, ai soket ɗin a gefen gadona yake. Wallahi kasa magana na yi, sai hawaye. Sauran biyun suka sunkuyar da kai. Ni na biya ɓarnar, aka kuma hana ni gado a shekara ta gaba. Ko gafara ba ta taɓa nema ba, muna haɗuwa a hanyar lakca ta kau da kai.

Don haka ki ɗauko takardar da kika sa wa hannu ranar karɓar makulli ki karanta. Yawanci a ciki an hana kwanan baƙi da kayan girki na lantarki, kuma laifin yana hawa kan mai gado. Ki fara yi wa wadda ta kawo ƙawayen magana cikin mutunci, amma a gaban sauran, ku sa ranar da za su tashi. In ranar ta wuce, ki rubuta wa mai kula da hostel, ki riƙe kwafi. Maganar baki ba ta zama shaida, ni na gani.

Ki yi allurar rigakafin sanƙarau in ba ki yi ba, cunkoso a wurin kwana yana taimaka masa yaɗuwa. Ki kuma duba ɗinkin katifa, nan kuɗin cizo ke ɓuya, kuma yana iya yin watanni bai sha jini ba bai mutu ba. Ki ɗauki hoton taga, ƙofa da soket yadda suke yanzu.

Na ga wasu sun ce ki kama haya a waje. Kada ki yi gaggawa. Shekarar da na yi a waje kullum a makare nake zuwa lakcar safe, karatun dare a laburare kuwa ya gagare ni saboda tsoron hanya. Kwalejoji da yawa masu karatun shekara 2 ma ba su da hostel sam, ƙanena a irinsu ya yi, ya sha wahalar zirga-zirga. Gadon nan haƙƙinki ne, ba ke ya kamata ki tashi ba.

Kuma don Allah yau ɗin nan ki leƙa bayan gadaje ki ga abin da aka jona.